Baƙo a Birnin Ƙudus: Karatu, Biki da Waƙar Ɗalibin Yeshiba

Duk wanda ya leƙa zauren karatu na makarantar Mir da ke unguwar Beit Yisra'el a birnin Ƙudus, hayaniya ce za ta fara tarbarsa. Samari ne ɗaruruwa, fararen riguna da baƙaƙen wanduna, zaune biyu-biyu, kowa na ɗaga wa abokinsa murya, babban yatsa na yawo a iska, jiki na rangaji gaba da baya. Wanda bai sani ba sai ya ce faɗa ya kaure, alhali karatu ake yi. Irin wannan makarantar addinin Yahudawa ita ake kira yeshiba, kuma da yawa daga cikin masu gardamar nan ba 'yan ƙasa ba ne. Daga New York suke, ko Landan, ko Manchester, ko Antwerp ta Beljiyam. Iyaye kan turo yaro ƙasar Isra'ila bayan ya gama sakandare, ya yi shekara ɗaya ko biyu, wani kuma ya zarce har aure ya same shi a can. 'Yan mata ma suna da nasu makarantun daban.

Ita kanta Mir ta san zafin baƙunci. A farkon ƙarni na 19 aka kafa ta a wani ƙaramin gari mai wannan suna, wanda yau yake cikin Belarus. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ɗalibanta suka gudu Lituweniya, inda a 1940 wani jami'in jakadancin Japan, Chiune Sugihara, ya buga musu biza. Suka ratsa Saiberiya a jirgin ƙasa, suka yada zango a Kobe, suka ƙare a Shanghai, inda suka ci gaba da karatu har yaƙi ya lafa. Yau ɗalibanta na Ƙudus dubbai ne.

Abokin karatu shi ake ce wa habruta, kuma samun nagari rabin nasara ne. Littafin da ake kokawa da shi Talmud ne, tarin muhawarorin malaman da, cikin Ibrananci da Aramiyanci, ganye 2,711. Masu karanta ganye ɗaya kullum sukan sauke shi a kusan shekara bakwai da rabi. A yeshiba kuwa ba sauka ake nema ba. Ana iya cinye zangon karatu guda a kan 'yan ganyayyaki kaɗan. Zama uku ne a yini: safe, bayan azahar, da dare. Daren Alhamis akan raba dare ana karatu, daga nan a nufi shagunan da ke sayar da colent, wani dafa-duka na wake, sha'ir, dankali da nama da ya daɗe a kan wuta.

Karatu na cinye yini, amma ba ya maganin kewar gida. Ranar Juma'a da yamma, idan jiniya ta yi ƙara a Ƙudus alamar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ta kusa shiga, motocin haya su tsaya, a kashe waya, ba kunna wuta ba girki har taurarin daren Asabar su fito. A lokacin ne yaro ke tuna teburin uwarsa. Shi ya sa tun ranar Laraba ake fafutukar neman gidan da za a ci abinci: gidan malami, gidan wata gwaggo ta nesa, ko gidan mutanen da ba su taɓa ganinsa ba amma suka saba ciyar da ɗalibai. Bahaushen da ya yi karatu a Alƙahira ko Madina, ya kuma yi Sallah ba tare da danginsa ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wannan tebur waƙa ke shigowa. An hana kaɗa kayan kiɗa ranar Asabar, don haka murya ce ganga, ita ce algaita. Akwai wani nau'in waƙa da ake kira nigun, wanda galibi ba shi da kalmomi, sai gaɓoɓin sauti kawai da ake ta maimaitawa, a fara a hankali, a yi ta hawa, har ido ya rufe, kafaɗa ta jingina da kafaɗa. Mabiya tafarkin Hasidi na Gabashin Turai ne suka raya shi tun ƙarni na 18. A ganina rashin kalmomin nan ne ya sa ya dace da baƙo: ɗan Faransa da ɗan Amurka da ba sa jin yaren juna sosai, a nan bakinsu ɗaya. Idan Asabar ta fita sai a ɗauko jita, a rage fitila, a zauna da'ira. Sunan wannan zama kumzits, daga harshen Yidish, ma'ana zo ka zauna, kuma da wuya a tashi ba a rera wani abu na Shlomo Carlebach ba, malamin nan mawaƙi da aka haifa a Berlin a 1925, ya rasu a 1994.

Sabon ɗalibi kan sauka ne a watan Elul, wajen Agusta ko Satumba, lokacin da ake busa ƙahon rago bayan addu'ar safe. Kafin ya gama sanin hanya bukukuwa sun rufto: sabuwar shekara, sai Yom Kippur da azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, sai Sukkot, inda ake kwana bakwai ana cin abinci a bukkoki, har barandar benaye ta cika da rumfunan ganye. A rufe da Simhat Tora, ranar da ake kammala karatun Attaura na shekara, a rungumi naɗaɗɗun littattafan ana rawa zagaye bakwai.

Purim ne bikin da samari suka fi ɗoki. Sauran garuruwa na yin sa ran 14 ga watan Adar, Ƙudus kuwa sai ran 15, don haka mai wayo yakan ci biki biyu: yau a garin Bnei Brak, gobe a Ƙudus. Ana shigar burtu, ana bin gidaje da waƙa ana tara sadaka, ana kuma shan giya, wani lokaci fiye da kima. Malamai da dama sun sha jan kunne, yaron da iyayensa ke wata uwa duniya kuwa jan kunne ba ya cika kama shi. Taro ma na da nasa haɗarin. A bikin Lag Ba'omer na 2021 a dutsen Meron, turmutsitsi ya hallaka mutum 45, cikinsu har da ɗaliban da suka zo daga Amurka.

Akwai wata ƙa'ida da ke tuna wa ɗalibin nan matsayinsa fiye da fasfo. A zamanin da, sai shaidu sun ga jinjirin wata, kotu ta tabbatar, sannan a aika manzanni. Waɗanda ke nesa labari ba ya isa gare su da wuri, sai suka riƙa tsare ranar biki kwana biyu don kauce wa shakka. Mu da muka san muhawarar ganin wata, wannan ba baƙon zance ba ne. An daɗe da komawa lissafaffen kalanda, amma al'adar ta zauna: a wasu manyan bukukuwa, mazauna Isra'ila kwana ɗaya, na waje kwana biyu. To ɗalibin da ya zo da niyyar komawa fa? Yawancin malamai sun ce ya bi garinsu, ko da yake wasu, irin su Hakam Tsebi, sun ce kwana ɗaya ya ishe shi.

Sai ka gan shi washegarin biki sanye da kwat ɗinsa na ado, ba waya ba kuɗi a aljihu, yana takawa a ƙafa zuwa majami'ar da baƙi irinsa suka taru. Motocin haya sun dawo titi, mai shago ya ɗaga ƙofa, maƙwabcinsa ɗan ƙasa na loda kaya a mota. A lokacin Idin Ƙetarewa ma haka: daren farko gari duka na cin jibin tunawa da fitowa daga Masar, dare na biyu kuwa sai 'yan tagogi ƙalilan ake jin waƙa na fitowa daga cikinsu, da lafazin Brooklyn.