Ba Wuta Ce Ta Fi Kashe 'Yan Kwana-kwana Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen gobara, ya ga yadda harshen wuta ke lasar rufin gini, hayaƙi ya turnuƙe sama, sa'an nan ya ga waɗansu bayin Allah sun jawo mesa sun kutsa inda kowa ke gudu, in aka tambaye shi abin da ya fi hallaka irin waɗannan mutane a bakin aiki, babu shakka zai ce ƙuna, ko shaƙar hayaƙi, ko ruftawar bango. Amma ƙididdigar ƙasar Amurka, inda ƙungiyar kare gobara da aka fi sani da NFPA take rubuta kowace mutuwa tun shekarar 1977, ta zo da wani hukunci dabam: shekara da shekaru, kimanin kashi 45 cikin 100 na 'yan kwana-kwanan da suka rasu suna bakin aiki, zuciyarsu ce ta tsaya farat ɗaya.

Wani likita na Jami'ar Harvard, Stefanos Kales, shi da abokan nazarinsa, sun bi diddigin wannan mas'ala, suka wallafa sakamakon a 2007. Sun duba mutum 449 da ciwon jijiyoyin zuciya ya kashe a bakin aiki tsakanin 1994 da 2004, suka tarar kusan sulusinsu sun faɗi ne a daidai lokacin da suke fafatawa da wuta, alhali kuwa kashe wutar kanta ba ta cin fiye da kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikin ɗan kwana-kwana a shekara. Ma'ana, haɗarin da ke kan zuciyarsa a wannan ɗan taƙaitaccen lokaci ya ninka na sa'ad da yake zaune a tasha sau 10 zuwa 100.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda aikin yake. Mutum yana kwance cikin tsakar dare, ƙararrawa ta buga, tun kafin ya sa takalmi zuciyarsa ta fara dukan uku-uku. Ya ɗaura riga mai kauri wadda ke tare zafin wuta daga waje, amma kuma take hana zafin jikinsa fita, ya ɗora kwalkwali, ya goya tukunyar iskar numfashi, nauyin da galibi ya haura kilo 20. Sa'an nan, ba tare da ya ɗan motsa jiki ya shirya ba, ya hau bene da gudu yana jan mesa cike da ruwa. Gumi ya kwarara, ruwan jini ya ragu, jinin ya yi kauri, zuciya kuma dole ta raba shi tsakanin tsoka mai aiki da fata mai neman sanyi. A 2017 likitocin Jami'ar Edinbara ta Sukotilan sun gwada lafiyayyun 'yan kwana-kwana 19 a gidan horo mai zafin da ya wuce digiri 400, inda suka ceto mutum-mutumi mai kilo 80, sai aka ga zafin cikin jikinsu ya ƙaru da kimanin digiri 1 har tsawon sa'o'i, jininsu ya fi saurin yin guda, jijiyoyinsu kuma sun rage buɗewa. Lafiyayye yakan jure wa wannan ya farfaɗo. Wanda kitse ya riga ya fara toshe jijiyoyin zuciyarsa, ko hawan jini ya kumbura naman zuciyar shekaru bai sani ba, a nan ne gudan jini ɗaya yake gamawa da shi.

To, da wane mizani za a gane wanda zai jure? Masana suna auna mafi yawan iskar oksijin da jikin mutum zai iya ɗauka ya yi aiki da ita cikin minti ɗaya sa'ad da ya kai matuƙar ƙoƙarinsa, domin wannan awo shi ke tattara ƙarfin huhu da zuciya da jini da tsoka a lamba ɗaya. Akan ɗora mutum a kan na'urar tafiya, a riƙa ƙara mata gudu da tudu har ya gaza. Wanda ke zaune yana hutawa yana cin kimanin mililita 3.5 a kan kowane kilo na jikinsa a minti. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi a Amurka da Ingila ga mai shiga wuta kuwa kimanin mililita 42 ne, wato ninki 12 na hutu.

Abin lura a nan shi ne, lissafin a kan kowane kilo ake yin sa, kuma ta nan ne ƙirar jiki ta shigo cikin zancen. A ƙaddara mutum jikinsa yana iya ɗaukar mililita 3,500 a minti: in nauyinsa kilo 80 ne, rabonsa kusan 44, ya haye, in ya tara teɓa ya kai kilo 95, ko da zuciyarsa da huhunsa ba su sauya ba, rabonsa ya sauko wajen 37, ya faɗi. Tsoka nauyi ce mai ɗaukar kanta har ta ɗauki wani, kitse kuwa kaya ne da ba a sauke shi a ƙofar bene, bugu da ƙari yana riƙe zafi. Mafi sharrinsa shi ne na tumbi, wanda ke kewaye da hanji da hanta, domin shi ke tafiya tare da hawan jini da ciwon suga. Saboda haka likitoci ke ɗaukar ƙugun da ya wuce santimita 102 ga namiji, ko 88 ga mace, a matsayin alamar haɗari.

An daɗe ana kafa hujja cewa lissafin nauyi da tsawo, wanda ke kiran mai maki 30 mai ƙiba, zalunci ne ga 'yan kwana-kwana, tun da ba ya bambanta tsoka da kitse, su kuwa ƙarfafa ne. Hujjar tana da tushe, sai dai binciken da Walker Poston da abokansa suka buga a 2011 ya raunana ta: sun tarar kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka auna a tsakiyar Amurka nauyinsu ya wuce kima, da suka auna kitsen kansa da faɗin ƙugu kuwa, sai ya bayyana 'yan kaɗan ne ƙwarai lissafin ya yi wa ƙazafi.

Ba lalaci ne ya jawo wannan ba. Tsarin aikin ne. Saurayi yakan ci jarrabawar ƙarfi mai tsanani ranar da aka ɗauke shi, daga nan a wurare da yawa ba a sake tambayarsa, alhali juriyar wanda ba ya motsa jiki tana raguwa da kimanin ushuri a kowace shekara 10, nauyin mesa da tsawon bene kuwa ba sa raguwa. Ga aikin sa'a 24 a jere, ga barcin da ake yankewa, ga abinci mai maiƙo da jira mai tsawo. Misalinsa kamar dokin da aka ɗaure a turke shekara guda ana zuba masa dawa, ranar hawan Salla a ce ya yi sukuwa.

Domin gyara wannan ne ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwana-kwana da ta shugabanninsu a Amurka da Kanada suka fito da shirin haɗin gwiwa a 1997, wanda ya tanadi binciken likita kowace shekara da lokacin motsa jiki a cikin sa'o'in aiki, bisa sharaɗin kada sakamakon ya zama sandar horo. Wannan sharaɗi shi ne hikimar shirin, domin wanda ke tsoron awon jini zai raba shi da abincin iyalinsa, ɓoye ciwonsa zai yi har ya faɗi. Haka kuma an mai da shi ƙa'ida a fitar da mutum daga wuta bayan wani lokaci, ya kwance kaya, ya sha ruwa, ya huce, a duba bugun zuciyarsa kafin ya koma.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya tunkari gobarar kasuwa, irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, a lokacin da zafin rana kaɗai kan kai digiri 40, zuciyarsa ba ta fi ta takwaransa na Edinbara hutu ba. Ajali a hannun Allah yake, amma riƙo da sababi wajibi ne, kuma sababin nan ba mai tsada ba ne: tef ɗin awon ƙugu, da sikeli, da na'urar awon jini, da fili inda za a yi gudun minti 12 a ga iya nisan da mutum ya kai. Hukumar da ta ɗauki mutum ta aika shi cikin wuta ta karɓi amanar ransa, kuma haƙƙinsa ne a kanta ta san halin da zuciyarsa ke ciki kowace shekara, ta yi masa magani in ta ga rauni, ta ba shi wani aiki in ya kasa, ba tare da ta taɓa albashinsa ba.