Jami'ar Amurka Ta Ɗauki Maigida Aiki: Ke Ina Matsayinki?

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zancenmu ya yi nisa da gida, amma ya shafi wasunmu. Akwai waɗanda mazansu malaman jami'a ne a Zariya ko Kano ko Sakkwato, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana maigida ya shigo da wasiƙa yana murna, wai wata jami'ar Amurka ta ɗauke shi aiki. To, 'yar'uwa, kafin ki rangaɗa guɗa ki aika a kira tela, zauna ki ji yadda takardun suke, don har da sunanki a ciki.

Bizar da aka fi ba irin waɗannan malamai ita ce H-1B. Mutum ba ya nemar wa kansa ita. Jami'a ce za ta tsaya masa, ta cika takardu, ta yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawarin ba za ta biya shi ƙasa da abin da ake biyan irinsa a wurin ba. Kamfanoni kan yi rububin biza 85,000 da ake bayarwa kowace shekara, amma tun shekarar 2000 aka fid da jami'o'i daga wannan ƙayyadewa. Ana ba da ita ta shekara 3, a sabunta har 6. Sai dai a ɗaure take da aikin. Ran da aiki ya ƙare, kwana 60 gare shi ya sami wani wurin da zai tsaya masa, in ba haka ba sai ɗaure kaya.

Ke kuwa da 'ya'yanki, H-4 za a ba ku. Wannan biza kamar kaska take a jikin saniya, ba ta da ƙafar tafiya sai ta maigida. Za ki iya zama, za ki iya shiga makaranta, amma ba ki da izinin aikin albashi. Ni da nake alfahari da takardata ta malanta mai daraja ta biyu, in na je can sai dai ta kwanta a ƙasan akwati. Ko ɗinki ko girkin sayarwa da kika saba yi a cikin gida, a wurinsu aiki ne, kuma laifi ne ba tare da izini ba. Sai a shekarar 2015 aka ɗan sassauta, aka ce matar da neman zaman dindindin na mijinta ya riga ya sami amincewar hukuma tana iya neman izinin aiki. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, in aure ya mutu, izininki na zama ya mutu tare da shi. 'Yarki kuma ran da ta cika shekara 21, ko ta yi aure, ta fita daga inuwar bizar babanta.

Ga kuma maganar abokiyar zama. Dokarsu mace ɗaya ta sani, ta fari. Amarya ba ta da biza ta wannan hanya komai son da ake mata, kuma wanda ya nufi zama da mace fiye da ɗaya a can ba a ba shi izinin zaman dindindin. Gara a yi wannan magana tun a tsakar gida.

Mafita daga wannan ɗauri ita ce katin zaman dindindin, wanda suke ce wa koren kati. In ya fito, kowa da nasa: ke da naki, yara da nasu, ki yi aikin da kike so, bayan shekara 5 ki nemi zama 'yar ƙasa in kina bukata. Galibi nan ma jami'a ce ke shige gaba. In malami ne mai koyarwa a aji, za ta nuna ta tallata gurbin, ta kuma zaɓe shi don ya fi 'yan ƙasar da suka nema cancanta, kuma dole ta kai takardu cikin wata 18 daga ranar da ta zaɓe shi. Shehun malamin da ya yi suna a ƙasashe, mai aƙalla shekara 3 yana koyarwa ko bincike, an yafe masa wannan mataki.

Hanyar ma ta ƙara ƙunci. A watan Satumba 2025 Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabon neman H-1B ga wanda ke wajen ƙasar. A watan Disamba na shekarar kuma ya dakatar da ba 'yan Nijeriya bizar ƙaura da ta ɗalibai, 'yan Nijar kuwa aka rufe musu ƙofa kusan gaba ɗaya.

Saboda haka in wasiƙa ta zo, ki lallaɓi maigida ya tambaye su a rubuce: aikin na dindindin ne ko na wucin gadi? Jami'o'i da yawa ba sa neman wa mai kwantiragin shekara biyu koren kati. Ya tambaya kuma yaushe za su fara, don wata 18 ɗin nan ba ta jiran kowa, kuma wa zai biya kuɗin takardunki da na yara. Ke kuma ki tanadi takardar aure da ta haihuwar kowane yaro, ki duba sunayen su yi daidai da na cikin fasfo, harafi da harafi.