Kafin Alƙalamin Da Ba A Mayarwa

Mai sana'a mai zaman kansa, kamar mai fassara ko mai zanen gini, lokacinsa shi ne jarinsa. Idan ya keɓe wa mutum mako biyu, ya sallami sauran masu nema, sannan mutumin ya fasa, makonnin sun salwanta. Shi ya sa wasu kan rubuta cikin yarjejeniya cewa kafin alƙalami ba ya dawowa.

Amma sharaɗin yana da iyaka. A 1994 kotun ƙoli ta jihar Niyu Yok a Amurka ta haramta wa lauyoyi irin wannan sharaɗi kan kuɗin aikin da ba su yi ba, domin yana ɗaure mai son sauya lauya. Don haka wajibi ne takarda ta fayyace: kuɗin ladan keɓe lokaci ne, ko somin kuɗin aiki.