KOYON ILMIN KWAMFUTA TA HANYAR AIKI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowa ya san yadda yaron maƙeri ke koyon sana'a. Zuga-zugi ake fara ba shi, sa'an nan guduma, har ya ƙera lauje da hannunsa. To, bisa irin wannan hanya ce jami'o'i da yawa ke koyar da ilmin kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Akan raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, a ba kowace ƙungiya matsala ta gaske. Su za su binciki abin da ake bukata, su rubuta manhaja, watau umarnin da kwamfuta ke bi, su gwada ta, su gyara kurakuranta, kana su kare aikinsu gaban malamai. Malami ba ya yi musu aikin, hanya kaɗai yake nunawa.

Jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak ta bi wannan tsari tun da aka buɗe ta cikin 1974, kusan rabin karatun ɗalibi a can aikin ƙungiya ne. A Nijeriya kuwa, hukumar horon ma'aikata ta ITF ta fito da shirin SIWES cikin 1973, wanda ke tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Ban da wannan, ɗalibi yakan yi aikin bincike a shekararsa ta ƙarshe.

Saboda haka mai yiwuwa ne ɗalibai su zo ofishin hakimi neman aikin da za su gwada ilminsu a kai. In sun zo, a lura da abu uku:

1. A ga takardar shaida daga jami'arsu tukuna.

2. A ba su aikin da ya dami ofis da gaske, kamar tsara rajistar gonaki ko ta haihuwa, malamin hakimi ya bayyana musu yadda ake yinsa a littafi.

3. Kada a ba su littafin da ke ɗauke da sunayen talakawa su fita da shi. Sunayen ƙage sun isa gwaji. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hana a yi sakaci da irin wannan amana.

Kada kuma a yar da littafi don manhaja ta zo, sai an daɗe ana gwada su tare an ga lissafinsu ya zo ɗaya. Allah ya sa mu dace, amin.