Farantin talla da makirfo

Duk wanda ya taɓa kwana a Jiwa ya san ba zakara kaɗai ke tashin mutane ba. Ana idar da sallar Asuba muryar yarinya za ta ratso lungu, a sayi ƙosai da zafinsa. Matar da ta surfa waken, ta kai markaɗe, ta zauna gaban kasko hayaƙi na cin idonta, babu wanda ya gan ta. Ko ƙosanta ya fi na kowa a unguwar, in ba a sami mai fita da faranti ba, ita da 'ya'yanta za su ci abinsu da rana bayan ya huce. 

Haka nake kallon samarin da ke wasan kwaikwayo na dandali a garuruwan gefen Abuja, su Jiwa da Gwagwa da Karmo. Ba su da zaure irin na Cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Garki. Filin firamare ne dandalinsu, bencina na aro, zanin gado biyu a kan igiya shi ne labule. Mai fitowa a Alhaji ya cusa matashin kai cikin babbar riga, gemun audugarsa kuwa da gumi ya karyo sai ya fara zamewa, yana magana yana tallafe shi da hannu. Sun yi mako uku suna gwaji bayan an tashi daga dako da gareji. Ranar wasa ka duba bencinan: yara ne, sai abokai, sai mai rake.

Kada a raina irin wannan kasa kaya a bakin kasuwa. A 1947 aka fara babban bikin fasaha na birnin Edinbara a Sikotilan, sai ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka zo suka yi nasu wasan a gefe, kamar mai tumatir da bai sami rumfa a kasuwar Dei-Dei ba ya shimfiɗa buhu a bakin titi. Yau wannan gefen ya fi tsakiyar cika.

To, mai gabatar da shiri a rediyo shi ne ɗan tallan waɗannan samari. Rediyo da wasan kwaikwayon Hausa kuwa tsofaffin abokai ne. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da aka ji su a rediyo kafin su zama littafi, kuma har yau dattawa in an ambaci Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sai sun murmusa. Amma can rediyon ne ya dafa, ya raba. Wasan dandali ba ya shiga akwati. Abin da makirfo zai iya kai wa mutane ƙamshi ne kawai, sai su biyo shi da ƙafarsu.

Nan ne ake gane gwani. 'Yar talla mai wayo ta san lokacin da maigida ke dawowa daga masallaci, tana faɗin abin da ke kanta da kuɗinsa, in ka yi jinkiri ta miƙo maka ɗaya ka ɗanɗana. Wani mai gabatarwa kuwa sai ya cinye rabin shirinsa a gaishe-gaishe, sannan ya ce za a yi gagarumin wasa, kada ku bari a ba ku labari, ya saki waƙa. A ina? Ƙarfe nawa? Da kuɗi ko kyauta? Mata za su sami wurin zama daban? Bai faɗa ba. Da ya kira biyu daga cikin 'yan wasan, ya bar su minti uku su yi rigimar mai gida da ɗan haya a gaban makirfo, ya katse daidai inda dariya ta taso, da ya gama talla.

Sai kuma amana. Wadda ta ce da zafinsa aka buɗe aka tarar da na jiya, wannan gidan ba zai sake kiranta ba. Mai gabatarwa ya je wurin gwaji ya gani da idonsa. In gishiri bai ji ba ya gaya wa masu girkin a tsakaninsu, tun kafin ya hau iska. Wanda kuwa sai an ba shi na goro zai ambaci wasa, ko bai san me ke cikinsa ba, ya zama motar kamfani mai lasifika, tana wucewa tana ihu ba ta san kowa ba.

Shi ya sa ƙaramin gidan rediyo na al'umma ya fi dacewa da wannan aiki, don an san uwar mai tallan. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da irinsu a ƙauyuka, mu kuwa sai a 2015 aka ba al'ummomi 17 lasisin farko. Kafin irin wannan ya wadata, tashoshin Abuja masu shirye-shiryen Hausa su ne ke shiga ɗakunan Jiwa.

Malam mai gabatarwa, in azumi ya kai goma yara za su fito tashe, wasan da ba a taɓa gina masa zaure ba. Ka ɗauki wayarka ka shigo Jiwa bayan an sha ruwa, ka naɗo mana minti biyar, ka kuma tambayi samarin ranar wasansu na bayan Sallah.