Tashoshin Jirgin Ƙasa: An Gina Bene, An Manta da Hanyar Zuwa

A ranar 29 ga Mayu, 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jirgin ƙasan cikin garin Abuja, ɗaya daga cikin abubuwan da Ministan Birnin Tarayya Nyesom Wike ya yi alfahari da su shi ne titunan da aka shimfiɗa zuwa tashoshin. Wannan jirgin dai Shugaba Muhammadu Buhari ya riga ya buɗe shi tun Yulin 2018. Ke nan kusan shekara shida aka yi akwai tashoshin da aka kashe musu maƙudan kuɗi, aka ɗora musu rufi, aka sa musu fenti, amma babu hanyar kirki da za ta kai fasinja bakin ƙofarsu. Jirgin bai cika shekara biyu yana aiki ba korona ta tsayar da shi a 2020, ya zauna har shekara huɗu, ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi da ƙarafa. Wannan labarin titunan ya tona ainihin ciwon da ke damun tashoshinmu. Ana tsara su ne domin ranar yanka ƙyalle, shi kuwa mutumin da zai fito daga gidansa da jaka a hannu ba ya cikin lissafi.

Mutane sun fi yawan ƙorafi a kan abin da ido ke gani: matakalar lantarki da ta tsaya cak, na'urar hawa bene da aka rufe, bayi babu ruwa, masu cuwa-cuwar tikiti. Duk gaskiya ne, za kuma mu zo kansu. Amma kafin fasinja ya ga ko ɗaya daga cikinsu sai ya isa tashar tukuna, kuma a nan ne wahalar ta fi tsanani.

Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, ya fara ɗaukar fasinja a Yulin 2016. Ƙarshensa na Abuja yana Idu, unguwar masana'antu da ke bayan gari. Ƙarshensa na Kaduna yana Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi. Rigasa cike take da jama'a, wannan ba a musu, amma tashar tana can gefe, kuma mutumin Barnawa ko Kawo ko Unguwar Rimi sai ya ratsa gari da cunkosonsa kafin ya kai. Idan ya sauka Idu kuma sabuwar tafiya ce ta same shi. Ka tsaya a ƙofar fita ka gani: taragu sun zazzage ɗaruruwan mutane lokaci guda, direbobin tasi sun yi dafifi kowa na kiran shata, babu wata babbar bas da ke jiran jirgi a ƙa'ide. Mai motar gida direbansa na jiransa. Malamar makaranta da ta zo bibiyar takardun fansho, ga goyo ga jaka, tana tsaye tana ciniki da mai tasi a kan kuɗin da bai yi nisa da na tikitin da ya kawo ta daga Kaduna ba. Tafiyar da aka ce ta awa biyu ce sai ta cinye rabin yini idan aka haɗa da zuwa tasha, da jiran bincike, da fita daga tasha.

Abin lura shi ne yadda ƙaramar tashar Kubwa ke cika. Ba ta kai Idu girma ko ƙawa ba, amma tana kusa da inda mutane ke kwana, shi ya sa da yawa suka gwammace su sauka a nan. Fasinjoji sun riga sun faɗi abin da suke so da ƙafafunsu.

Haka abin yake a kudu. Layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 ya ajiye tasharsa ta ƙarshe a Moniya, bayan garin Ibadan. Jirgin cikin garin Abuja kuwa ya ɗauki hanyar filin jirgin sama da ta Kubwa, ya bar Nyanya da Karu da Mararaba, inda dubban ma'aikata ke shan azabar cunkoso safe da yamma. Idan kuskure ɗaya ya maimaita kansa a wurare uku, ya zama ɗabi'ar yadda ake aikin.

Tushen ɗabi'ar, a ganina, yana cikin yadda ake samo kuɗin da yadda ake ba da kwangilar. Layin Abuja zuwa Kaduna an gina shi ne da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, sauran kuma gwamnatin tarayya ta cika, kamfanin CCECC ya yi aikin. Jirgin cikin Abuja ma kamfani ɗaya ne, banki ɗaya ne. Irin wannan bashin yana biyan abin da za a iya aunawa a miƙa: dogo kilomita kaza, gada kaza, ginin tasha kaza. Ɗan kwangila aikinsa ya ƙare a bakin katanga. Abin da ke bayan katangar, wato titi da fitilu da wurin tsayawar motocin haya da bas ɗin da za ta yi daidai da lokacin jirgi, wannan na gwamnatin jiha ne ko na hukumar Birnin Tarayya ko na ƙaramar hukuma, kuma babu wanda ya zaunar da su a teburi ɗaya tun ana zanen taswira. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC tana kallon fasinja daga lokacin da ya nuna tikiti. Jiha tana kallonsa a matsayin baƙon tarayya. Tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar tasha ba shi da uban ɗaki. Gwamnatin Kaduna ta faɗaɗa hanyar Rigasa daga baya, an kuma ji daɗin hakan, sai dai kalmar ita ce daga baya. Kullum jirgi ke fara zuwa, hanya ta biyo shi da shekaru.

Wannan tsarin ne kuma ya haifi lalacewar da ake gani a ciki. Bashi ya sayi matakalar lantarki, bai sayi mai gyaranta na shekara goma ba. An zana manyan tashoshi masu hawa-hawa kamar filin jirgin sama, waɗanda ba sa amfanuwa sai da wuta dare da rana, a ƙasar da kowa ya san halin wutarta. Ranar da na'ura ta tsaya, tsoho mai ciwon gwiwa da mai keken guragu da mace mai ciki su ne ke biyan kuɗin wannan zanen. Ka ga dattijo ya dafa ƙarfe yana hawa taka ɗaya-ɗaya, ɗan dako ya yi gaba da kayansa, shi kuma hankalinsa ya rabu biyu, ga numfashi ga tsoron kada kaya su ɓace masa. Da an yi tasha ta ƙasa mai faɗi, mai inuwa da benci da famfo da masallaci wadatacce da gangara maimakon matakala, da ta fi arha, ta fi kuma jure rashin kulawa. Amma irin wannan ba ta cika hoto ranar buɗewa.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce gaba ɗaya. Suna cewa shigar da sabon dogo tsakiyar gari na nufin rusa gidaje da biyan diyyar da za ta iya ninka kuɗin aikin, kuma dogo na zamani ba ya son lanƙwasa irin ta tsohon. Suna ƙarawa da cewa gari ne ke bin tasha, a yi haƙuri. To, batun diyya gaskiya ne. Amma wanda ya zaɓi ajiye tasha a bayan gari don ya rage kashe kuɗi, wajibi ne ya sa kaɗan daga abin da ya rage a motocin da za su haɗa ta da gari, ba ya ɗora wa fasinja ba. Batun gari ya bi tasha kuwa, ana kafa hujja ne da tarihin da ba a karanta da kyau ba.

Da dogo ya iso Kano a 1911, tashar a wajen ganuwa take, haka ne. Sabon Gari da kantunan Turawa da na Kwarori suka taso kewaye da ita. Haka Zariya, haka Gusau da Ƙauran Namoda da Nguru, Kafanchan kuwa kusan dogo ne ya yi ta. Amma abin da ya jawo mutane kaya ne. Gyaɗa da auduga da fata da kiraga a tasha ake auna su, a nan ake biya, a nan ɗan dako da mai tuwo da dillali da mai masauki ke samun na cefane. Tashar kasuwa ce mai rai tun daga asuba. Tashar yau an kewaye ta da waya, jirgi na zuwa sau 'yan kaɗan a yini, jigilar kaya ba ta taka kara ta karya ba, masu talla kuma ana korarsu. Da jirgi ya tashi wurin ya yi tsit. Wane gari ne zai bi wannan? Idu ta shekara kusan goma tana jira.

Sakamakon farko shi ne jirgin ya zaɓi fasinjansa. A shekarun da garkuwa da mutane ta addabi titin Abuja zuwa Kaduna, manya da jami'an gwamnati da 'yan kasuwa suka koma jirgi, kujeru suka yi kaɗan, cuwa-cuwa ta samu gindin zama. An kawo sayen tikiti ta intanet a farkon 2021 don a kashe ta, ta ragu ta wani ɓangaren, amma har yau fasinjoji na kukan cewa tikiti na ƙarewa cikin ɗan lokaci a waya, sannan a same shi a hannun wani a bakin tasha da ƙarin kuɗi. Wanda ba shi da babbar waya ko bai iya latse-latse ba an ƙara masa wani shingen. Talaka ya lissafa kuɗin Keke zuwa Rigasa, da tikiti, da shata daga Idu, sai ya nufi tashar mota ya yi addu'a, domin motar haya za ta ajiye shi kusa da inda za shi.

Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka kashe mutane aka sace fiye da sittin, ya rufe layin har zuwa 5 ga Disamba na shekarar. Da aka dawo an tsaurara bincike, an wajabta lambar ɗan ƙasa ta NIN, an rage zirga-zirga. Babu mai hankalin da zai ƙi tsaro. Sai dai an ɗora sabon tsarin a kan ginin da ba a tanadar masa wurin dogon layi ba, don haka jira ya ƙaru, kuma mafi yawansa a tsaye ake yi. Sauka daga kan dogo da jirgin ya yi a kusa da Asham a Agustan 2025 ya sake tsayar da aiki na makonni, ya kuma nuna cewa rashin kulawar bai tsaya a matakala da famfo ba.

Sakamako na biyu ya shafi aljihun kowa, har wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Tashar da ke da wuyar zuwa fasinjanta kaɗan ne, kuɗin shigarta kaɗan ne, gyaranta sai ya gagara, lalacewar kuma ta ƙara korar mutane. Bashin kuwa ba ya jira, da dala ake biyansa ko taragu sun cika ko sun tafi wayam. Jirgin cikin Abuja an yi ta hawansa kyauta bayan sake buɗe shi, amma kyauta ba ta matso da tasha kusa da gidan kowa ba.

Legas ta nuna ana iya yin dabam. Layinta na Blue Line da ya fara aiki a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2 kilomita 13 ne kacal, amma ya bi inda jama'a suke, tashoshinsa na kusa da matsayar bas, kuma katin Cowry ɗaya ke biyan jirgi da bas. Dalilin a fili yake: hukuma ɗaya, LAMATA, ke tsara duka biyun. Tun Maris 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, don haka uzurin cewa dogo na tarayya ne ya ragu ƙwarai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yanzu haka ana shimfiɗa layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Gwamnatocin Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna su karɓi taswirar kowace tasha tun yanzu, su keɓe filin tashar mota da na kasuwa a jikinta kafin 'yan fulotai su cinye, su sa titinta a kasafin kuɗin bana, su zauna da ƙungiyoyin direbobi da masu Keke a kan farashi da lokaci. Ita kuma NRC ta bayyana wa jama'a nawa ta ware don kula da kowace tasha a shekara, da sunan ofishin da za a tuhuma idan famfo ya ƙafe.