Kacala da Jan-baki a Fadamar Haɗeja da Nguru

Rayuwar fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe, ta dogara ne ga cikar ruwa da damina da kuma janyewarsa da rani. Idan ruwa ya malala, kifi ya hayayyafa. Idan ya janye, manomi ya shuka, makiyayi ya samu ciyawa. Wannan bushewar ta shekara-shekara ce take hana ciyawar kacala yaɗuwa.

Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare rani da damina. Nan fa kacala ta samu yadda take so. Ta toshe magudanai, ta mamaye gonaki, ta hana masunta jefa taru da tuƙa jirgi. Babbar illar ma ita ce duhuwarta ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki, waɗanda ke sauka dubbai kan shinkafa da gero da dawa. Shi ya sa da zarar hatsi ya soma ƙosawa, magidanci da 'ya'yansa kan yini a gona suna kaɗa gwangwani.